Gyaran wuta yana ƙara daɗin kayan sauti? Yadda za ka gwada a gidanka kafin ka fitar da kuɗi

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini, kowa da irin rigar da ya sa mata. Wani ya ga wayar wuta a intanet, kaurinta kamar tiyon ban ruwa, ana sayar da ita ɗaruruwan daloli, wai tana buɗe sauti. Wani mai shago ne ya ce masa wufarsa ba za ta yi dukan kirki ba sai ya haɗa da stabilaiza. Wani kuma amfilifayarsa ce take fara ƙugi da zarar an tada janareta.

Amsata ita ce kunne yana jin gyaran wuta ne idan da ma akwai cuta a wutar. In babu cuta, ko nawa ka zuba, abin da za ka ji ƙarin shi ne abin da ranka ya raya maka. Masu wannan musu a Turai da Amurka wutarsu a tsaye take dare da rana, shi ya sa gardamarsu ta koma kan bambancin da na'urar awo ma sai ta yi da gaske take ganinsa. Mu kuwa cutar gaske gare mu: wuta ta yi ƙasa, ta yi sama, gida babu atin, wato wayar da ke kai wuta cikin ƙasa don kariya, yau layi gobe janareta jibi inbata. Sai dai maganin namu galibi ba shi ne wanda ake talla ba. Ga yadda za ka bi abin daki-daki, kuma kada ka tsallake tsarin, domin matakan farko kyauta ne.

Kayan da za ka tanada

Mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo, mai nuna lamba. Ko ƙaramar cikinsu ta isa, kuma ana samunta a wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari ko duk wata babbar kasuwa. Sai wayar salula, takarda da biro, ekstenshan mai baki uku na kirki guda ɗaya, da mutum ɗaya da zai taimaka maka a mataki na 8, wanda ba ya jin nauyinka har ya yi maka ƙarya.

1. Saurari shirun tukuna

Kunna komai kamar za ka ji kiɗa, amma kada ka sa komai. Kashe fanka da firij na ɗan lokaci. Kai murfin ƙara inda ka saba ajiye shi, ka zauna inda ka saba zama. Me kake ji?

In ba ka jin komai daga mazauninka sai ka kafa kunne a jikin sifika, kayanka lafiya lau suke. Kowace amfilifaya tana da ɗan huci a kusa. In kuwa kana ji, rarrabe irinsa. Ƙugi mai kauri, muuu, ba ya motsi, wannan mitar wutar layi ce, wato bugu 50 a daƙiƙa, kuma yawanci daga haɗin wayoyi yake zuwa. Wanda ya fi shi siriri kaɗan, a bugu 100, yakan fito ne daga cikin na'urar kanta. Ziza mai kaifi kamar ƙudan zuma, wannan aikin inbata ne ko caja ko abin rage hasken fitila. Ɗas guda ɗaya jefi-jefi kuma, firij ne ko famfon ruwa ya tashi. Akwai manhajoji na kyauta irin su Spectroid da za su zana maka layin a wayar salula, ka ga ko a 50 yake ko a 100.

Ka kuma kasa kunne a jikin akwatin amfilifayar. Wani lokacin ba sifika ce take ƙugi ba, taransifomar ciki ce take rawa. Wannan cuta ce daban, za mu zo kanta.

2. Cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aka fi barin jaki ana dukan taiki. Wani abokina ya kira ni gidansa da la'asar, ya riga ya sayi stabilaiza sabuwa fil, kwalinta ma yana nan a tsakar falo, amma ƙugin bai ko gezau ba. Na zagaya bayan talabijin na tsugunna, ga ƙura, ga wayoyi sun sarƙe kamar taliya. Na kwance wayar dish daga bayan dikoda. Falon ya yi tsit. Ya ce, "Malam, me ka taɓa?" Na mayar da ita, ƙugin ya dawo. Na sake cirewa, ya ɗauke. Ya kalli kwalin stabilaizar ya daɗe bai ce komai ba.

Abin da ke faruwa shi ne na'urori biyu suna da hanya biyu ta zuwa ƙasa, ɗaya ta soket, ɗaya ta wata waya daban, kuma hanyoyin ba su daidaita ba. Sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin wayar sauti, amfilifaya kuma ba ta san bambancinta da kiɗa ba, sai ta ƙara mata ƙarfi.

Kashe amfilifaya, cire duk wayoyin da ke shiga cikinta, ka bar na sifika da na wuta kawai. Kunna. In ƙugin ya tafi, laifin ba nata ba ne. Yanzu ka riƙa mayar da wayoyin ɗaya-ɗaya, kana kashewa kafin kowace sakawa, har ka kama wadda ta dawo da shi. Waɗanda aka fi kamawa su ne wayar dish, kwamfutar tafi-da-gidanka da ke jone da caja, da talabijin da ke wani soket daban.

Magani na farko kyauta ne: ka jona duk kayan a ekstenshan ɗaya, daga soket ɗaya. In bai yi ba, ka duba ko talabijin da amfilifayar suna da ramin wayar haske, wadda jan haske ke fita ta bakinta. Wannan waya ba ƙarfe a cikinta, don haka wuta ba ta da hanyar bi. In babu, akwai wata 'yar na'ura mai raba ƙasa da ake sawa a tsakiyar wayar sauti mai kai ja da fari, cikinta ƙananan taransifoma biyu ne. Mai arha takan ɗan rage kaurin bas, amma ta fi zama da ƙugi.

Gargaɗi: za ka samu wanda zai ce maka ka karya dogon haƙorin filogi, na saman nan, ƙugin zai tafi. Zai iya tafiya kuwa. Amma wannan haƙori shi ne ke ɗauke wuta ranar da waya ta goge a ciki ta taɓa jikin ƙarfen. In ka karya shi, duk wanda ya dafa akwatin, har yaro mai rarrafe, shi ya zama hanyar ƙasa.

3. Auna abin da soket ke bayarwa

Juya mita zuwa awon wutar gida, a lambar da ta wuce 250. Auna sau uku a yini: da safe, da rana tsaka, da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa. Rubuta. Yi haka kwana uku.

Ƙa'idar wutar Najeriya bolt 230 ce, kuma kayan da aka ƙera dominta suna jure kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, wato daga 207 zuwa 253. In lambobinka suna cikin wannan, stabilaiza ba za ta ƙara maka komai a kunne ba.

In kana ganin 180 ko 170 da daddare, sai ka juya bayan na'urarka ka karanta. Wadda aka rubuta mata 100–240V ba ruwanta, ita ke daidaita wa kanta. Yawancin sababbin kaya marasa nauyi haka suke. Amma amfilifaya mai nauyi, mai babbar taransifoma, abin da aka ba ta shi take bayarwa, kuma asarar ninkuwa take: a bolt 180 ƙarfin da za ta iya fitarwa ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A ƙaramar murya ba za ka ji ba. Da ka ɗaga, sai bas ya fara karyewa a inda da rana ba ya karyewa. Wannan bambanci ne na gaske, kuma a nan stabilaiza tana da aiki.

Wajen saye, duba wat ɗin da aka rubuta a bayan kayanka kusa da inda wayar wuta ta shiga, ba babbar lambar da ke jikin kwali ba, ka haɗa su, ka sayi wadda ta ninka jimlar aƙalla sau biyu. Dalili shi ne stabilaiza tana rasa ƙarfi daidai lokacin da wuta ta yi ƙasa, lokacin da kake bukatarta. Mai ƙas-ƙas ɗin nan ta fi arha, amma wani lokaci ana jin canjinta a sifika. Mai ɗan inji a ciki ta fi santsi, ta fi tsada. Kowacce ka saya, ka danna maɓallin jinkiri, don kada wuta ta faɗa wa kayan da zarar an kawo ta.

Gargaɗi: ka riƙe sandunan mita ta wajen robar, da busasshen hannu, da takalmi a ƙafa. In ba ka taɓa yi ba, kira mai wayarin.

Wani gargaɗin ga masu sayen kayan hannu: na Amurka bolt 120 ne, na Japan 100. In ka jona kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Sai da taransifoma mai saukar da wuta. Ko da ita ma, tsohon garmaho da injinsa ke bin bugun wuta, in don bugu 60 aka yi shi, a namu 50 zai riƙa jan ƙafa, faifan da ya kamata ya yi juyi 33 da ɗoriya a minti ya koma wajen 28.

4. Tabbatar akwai atin

Gidaje da yawa soket mai rami uku ne a bango, amma na ukun babu abin da ke bayansa. Alama ta farko ita ce in ka shafa jikin dikoda ko amfilifaya da bayan hannu ka ji tana ɗan karkarwa ko tsikari. Da mita kuma: tsakanin mai wuta da ramin sama ya kamata ka ga kusan lambar da ka gani tsakanin ramukan ƙasa biyu, tsakanin maras wuta da ramin sama kuma bolt kaɗan ne ko sifili. In ka ga lambobi suna yawo, babu atin.

Wannan aikin mai wayarin ne: sandar jan ƙarfe a binne, waya mai kauri har zuwa allon fiyus. Da rani ƙasarmu takan bushe ƙamas har atin ya yi rauni, shi ya sa ake zuba gawayi da gishiri a ramin, ake kuma zaɓar wuri mai danshi. Ko bai canza sauti ba, kuɗin bai tafi a banza ba, domin na'urar kare kaya daga tsallen wuta ma da atin take cika aikinta.

5. Gwada layi, janareta da inbata daban-daban

Maimaita mataki na 1 a kan kowace wuta da gidanka ke amfani da ita. In zizar tana zuwa ne a kan inbata kaɗai, duba jikinta. Wadda aka rubuta wa pure sine wave tana ba da wuta mai lanƙwasa sumul irin ta layi. Mai arha, wadda aka rubuta wa modified, wutarta hawa-hawa take kamar matakala, kuma kaifin matakalar nan shi ne zizar da kake ji. Ita ce kuma take sa taransifoma rawa da zafi. Stabilaiza ba ta gyara wannan, ƙarfin wuta take daidaitawa, ba siffarta ba. Ba wata waya ko matata da za ta gyara. Canza inbatar ne kawai, ko ka bar kayan sauti a kashe sai an kawo wuta.

Ƙaramin janareta kuma matsalarsa rawa: da firij ya tashi sai ya durƙusa, ya sake zabura. Kada ka tada shi ko ka kashe shi kayan sauti suna jone. Gaskiya ma, in janaretan yana bayan taga yana ta ruri, batun tsabtar sauti ya zama zance.

6. Adafta: nan ne canji ya fi fitowa fili

Ƙananan amfilifayoyin nan masu girman tafin hannu, da ake haɗawa da Bluetooth, da yawansu ƙwaƙwalwa ɗaya suke amfani da ita, TPA3116, wadda ke aiki daga bolt 4.5 har 26. Ana rubuta musu wat 50 ko 100 a kwali, sannan a haɗa ka da adafta mai bolt 12. Lissafin ba ya ɓuya: a kan sifika mai om 8, bolt 12 ba zai ba ka fiye da wat 9 mai tsabta ba. Bolt 19, irin na cajar kwamfuta, wajen wat 22. Bolt 24, wat 36. Daga 9 zuwa 36 ninki huɗu ne, kuma kowa zai ji, domin kiɗan zai ɗaga bai fashe ba. Wannan shi ne gyaran wuta mafi riba da na sani, kuma tsohuwar cajar kwamfuta ta asali ta fi sabuwar adafta maras nauyi da aka rubuta mata lambar ƙarya.

Kafin ka canza, abu huɗu: bolt kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin amfilifayar kanta, domin wasu an sa musu kafasita, wato 'yan gwangwanayen ciki masu tara wuta, da ba za ta ɗauki 24 ba. Amfiya, wato lambar da ke da harafin A a jikin adafta, ta kai ko ta fi ta tsohuwar, yawanta ba ya cutarwa. Ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar kan adaftar shi ne mai alamar tarawa ya zo ɗaya. Sai girman kan: akwai mai rami milimita 2.1 da mai 2.5, a ido kamar ɗaya, amma in ka sa mai faɗi a kan siririn tsinke zai riƙa yankewa.

Gargaɗi: na'urar da aka rubuta mata bolt 12 kawai, ko 5 kawai, ba a ƙara mata. Ƙarin bolt a nan ƙonewa ne.

Ga irin waɗannan, masu ƙayyadadden bolt, akwai gwajin da ke yanke gardama. Batir ba ya ƙugi, ba ya ziza. In na'urar mai bolt 12 ce, ɗauki batir mai bolt 12 da aka cire daga caji, sa fiyus a wayar, ka jona na'urar. In kwamfuta ce, zare cajar kawai ta koma kan batirinta. In ƙarar ta ɗauke, adaftar ce mai laifi, canza ta. In sautin batir da na adafta ɗaya ne, to ka ji iyakar abin da kowace adafta a duniya za ta iya ba ka, har da masu nauyin nan na dala ɗari biyar.

7. Tsohuwar amfilifaya

In a mataki na 2 ka cire komai amma ƙugin yana nan, a bugu 100, a sifika biyun duka, kuma murfin ƙara ba ya rage shi, zargi manyan kafasita na ciki. Ruwa ne a cikinsu, yana bushewa, kuma ƙa'idar masu ƙera su ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. Ka tuna zafin Afrilu a ɗakin da ba fanka. Kai wa mai gyara. Ka ce ya sa masu lamba ɗaya da na da, bolt ɗaya ko sama, masu jure digiri 105 maimakon 85, kuma ya ba ka tsofaffin a hannu. Jabu sun yi yawa a wannan harka, wanda ya yi sakayau a hannu fiye da tsohon abin tuhuma ne. Kada ka yarda a ninka girmansu da sunan ƙarin bas, domin yawan wutar da za su zuƙa lokacin kunnawa yana iya cinye fiyus ko abin da ke gabansu.

Gargaɗi: waɗannan kafasita suna riƙe wuta bayan an zare filogi. Ba wurin koyon gyara ba ne.

8. Gwajin da ido ba ya ciki

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a harkar sauti maganar ta zauna daram, sai dai a nan illa ce. Da ka ga abu mai ƙyalli, ka san kuɗin da ka biya, kunnenka ya riga ya karɓi cin hanci. Ni kaina na taɓa rantsuwa cewa na ji bas ya ƙara zurfi bayan an canza waya, ashe wanda na sa ya canza bai ma taɓa ta ba.

Da farko daidaita ƙarfi, domin duk abin da ya fi ƙara ko da kaɗan, kunne ce masa yake ya fi daɗi. Sa sautin gwaji mai bugu 400 daga wayar salula, auna bolt a bakin wayoyin sifika da mita, ka kai shi wajen bolt 1 ko 2. Canza zuwa sabon abin, ka sake aunawa. Kada bambancin ya wuce kashi 1 cikin 100. Ka kula sandunan mita kada su haɗe bakin biyu.

Zaɓi guntun kiɗa na daƙiƙa 20 da ka sani kamar yunwar cikinka. Juya baya ko ka fita. Mataimakinka ya jefa kwabo: kai, tsohon abu, wutsiya, sabo. Ya rubuta a ɓoye. Ko ba canji, ya zare ya mayar, don kada ƙarar hannunsa ta ba ka amsa, kuma kada ya yi magana. Ka saurara, ka rubuta naka. Sau 10.

Mai canki-canka yakan ci wajen 5. Cin 7 ba komai ba ne. Cin 8 ma sa'a kaɗai takan kawo shi kusan sau ɗaya cikin 18. In ka ci 9 ko 10, ka ji bambanci na gaske, domin sa'a ba ta kawo wannan sai kusan sau ɗaya cikin 100. Kada ka leƙa sakamako a tsakiya, kada kuma ka sake gwajin sau biyar ka ɗauki wanda ya yi maka daɗi.

9. Jerin kashe kuɗi

In ni ne, ga yadda zan bi: haɗa kaya a soket ɗaya da raba wayar sauti da ta wuta, kyauta. Ekstenshan na kirki maimakon mai sako-sako da ke tartsatsi. 'Yar na'urar nan mai yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa da kima, irin wadda ake sa wa firij da talabijin, ba don sauti ba, don kayan su kwana lafiya. Atin. Adafta mai isasshen bolt in amfilifayarka irin ta mataki na 6 ce. Stabilaiza in mita ta nuna bukata. Inbata mai wuta sumul ita ce mafi tsada, ita ce ta ƙarshe.

Wayar wuta ta musamman da fiyus mai ruwan zinariya ba sa cikin jerina. Wutar ta taho daga taransifomar unguwa ta kan falwaya, ta bi mita, ta bi dogayen wayoyin bango, sannan a cikin na'urar a juya ta, a tace ta. Abin da ake bukata daga guntuwar wayar ƙarshe, mai tsawon mita ɗaya da rabi, shi ne jan ƙarfe mai isasshen kauri, filogi mai kama soket gam, da atin da bai yanke ba. In wayarka tana ɗumi ko filogin ya yi baƙi, canza ta da ta kirki ta talakawa. Akwatunan tace wuta kuma suna iya kashe ɗas ɗin firij, amma wasunsu suna shaƙe babbar amfilifaya, don haka ita a bar ta a soket ko a stabilaiza mai yalwa.

In duk da haka ranka ya biya, ka yi ciniki da mai shago a kan za ka kai gida kwana biyu, in ba ka ci 9 cikin 10 ba ka dawo masa da kayansa a kwalinsa, ya ba ka kuɗinka. Ku rubuta a bayan rasit, ya sa hannu.